Randar da Baba Tsoho Ya Ara

Mai rai ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya. Baba Tsoho, kakana na wajen uba, wanda ke kula da ɗakin karatu na unguwarmu a Kawo ta Kaduna, ya rasu ranar wata Litinin da hantsi, damina tana ban kwana, bayan ɗan zazzaɓin da muka ɗauka zai tashi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma sai an matso da kunne kafin a ji amsata. Shi ya sa a kwanakin zaman makoki ban ce komai ba, in an yi mini gaisuwa sai in sunkuyar da kai. Aikina in kai ruwa da kunu zaure, in dawo in zauna bayan turmi. Amma na ga abubuwa, na ji maganganu, kuma ina tsoron kada a share su tare da tabarmin makoki. Abin da bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada.

Ban san yana da jama'a haka ba. Kekunan akawuna sun jeru a jikin katangarmu har gidan maƙwabta. Direbobin tasha sun zo da warin mai a rigunansu, malaman allo sun zo da buzayensu. Ina ajiye kwanon ruwa na ji wani direban hanyar Zariya yana cewa, "Yanzu wa zai karanta mana jarida ya sa mata gishiri?" Aka yi 'yar dariya. Liman ya ce, "Ni shaida ɗaya zan yi masa. Ko a tsakiyar kalma kiran salla ya same shi, rufe littafin yake yi."

Kawu, ƙanin Innata, bakanike ne a bakin tasha, mutum mai faɗa da ƙatuwar murya. Shi na tarar a bayan zaure yana kuka shi kaɗai, yana share fuska da tsumman aikinsa, har baƙin mai ya zana masa kumatu. Da ya gan ni ya daka mini tsawa, "Me kike kallo? Hayaƙi ne."

A cikin gida kuma Malama ta zo, wadda ke koya wa mata karatu a ɗakin. Kirista ce, mutuniyar kudancin lardi, mijinta akawu. Ta ɗaura kallabi har goshi, ta kawo kunun acca a babban kwano, ta durƙusa gaban Iya, kakata, ta ce, "Mama, Allah ya ba Baba hutawa." Daga nan ta fashe da kuka. Iya ce ma ta riƙa ba ta haƙuri.

Sadakar uku ta faɗo ranar Laraba. Mata sun cika tsakar gida, ana ta raba gumba, sai na ji matar Kawu ta matsa kusa da Innata tana raɗa, "Yaya, to Laraba fa?"

Inna ta mintsine ta. "Ke, a gidan makoki?"

Matar Kawu ta ja mayafi. Amma ni da ke bayan turmi na ga carbin Iya ya tsaya a hannunta na ɗan lokaci kafin ya ci gaba da tafiya.

Wanda ba ɗan unguwarmu ba sai an faɗa masa mece ce Laraba.

Ɗakin karatun ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da mangwaro a ƙofarsa. A ciki akwai kabad biyu na littattafai, dogon teburi, bencuna, baƙin allo, da akwatin rediyo wanda Baba Tsoho ke lulluɓewa da ƙyalle kamar jariri. Kowace rana da abinta. Bayan la'asar yakan karanta jarida a fili ga waɗanda ba su iya ba. Akwai ranakun ajin manya na maza. Asabar ta yara ce, tatsuniya da littattafan hotuna. Laraba kuwa, daga hantsi zuwa azahar, ta mata ce: Malama ta koya karatu da rubutu, a yi saƙa, wani lokaci ma'aikaciyar asibiti ta zo da sikeli ta auna jarirai.

Laraba ba daga ofishin gwamnatin da ke kula da ɗakin ta zo ba, shi ya roƙo ta. Da aka ba shi, sai ya ɗauki sandarsa ya bi zaure zaure yana neman izinin maza. Abu ɗaya yake faɗa musu: "Ni zan zauna a bakin ƙofa. Ku dubi furfurar nan. Namiji ko ƙuda ne ba zai wuce ni ba." Haka kuwa ya yi. Yakan buɗe ɗakin, ya fito da kujerarsa gindin mangwaro, ya juya wa ƙofa baya. Wata rana zakaran maƙwabta ya nufi ciki, ya tashi ya bi shi da sanda yana cewa, "Kai, malam, yau ta kaji ce!" Matan suka yi dariya har Malama ta kasa ci gaba da darasi. Saboda wannan kujerar maza da yawa suka bar matansu fita. Ba don karatun ba, don tsohon.

Shi kansa bai iya boko da wuri ba. Allo ya yi tun yana yaro a Zazzau, sannan ya zo Kaduna ya yi masinja a ofisoshin gwamnati har furfura ta fito. Yakan ce, "Jaki ne ni, shekara da shekaru ana ɗora mini gishirin mangul ban san ɗanɗanonsa ba." A ajin manya ya koya, a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Da ya bar aiki aka buɗe ɗakin nan, aka ba shi mabuɗi.

Yadda yake riƙe littafi ma abin kallo ne. Ba ya lanƙwasa kusurwar shafi, tsinken tsintsiya yake sawa a inda ya tsaya. Ya hana lasar yatsa don buɗe takarda. Ƙafafun kabad yakan tsoma su a gwangwanaye masu kananzir saboda gara. Wanda ya yage yakan liƙe shi da ƙaro, ya danne da dutsen niƙa. In damina ta ja baya sai ya shimfiɗa tabarmi a rana ya baje littattafan su sha iska, yana zagaya su kamar mai shanyar barkono. Tabaronsa hannu ɗaya gare shi, ɗayan zare ne.

In yana karanta jarida kuwa, ba ya iya barin labari ya wuce shi kawai. Zai karanta cewa za a gyara hanya, sai ya ɗora, "in jikokinmu sun girma," da murya iri ɗaya, ko ɗaga kai ba ya yi. Sai wani ya ce, "Baba, wannan a takardar yake ko a bakinka?" Ya ce, "Ka zo aji, ka duba da kanka." Mutane nawa ne suka shiga aji don su kama shi! Yakan ce ido ɗaya ya karanta, kunne ɗari su ƙoshi, amma gara kowa ya samu nasa idon.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. In na taso daga makaranta nakan shiga in zauna a lungun da ke tsakanin kabad da bango. "Uwata, yau ma an bar bakin a gida?" Sai in gyaɗa kai. "To, madalla. Ɗakin nan ya fi son irinku." Bai taɓa cewa in tashi in karanta a gaban mutane ba, ko da yake ya san na iya. Sau ɗaya wani akawu ya ce yarinyar nan kurma ce, Baba Tsoho ya ce, "A'a, ajiya take yi." Ya ma sa mini ɗan buhu a lungun don kada sanyin siminti ya kama ni.

Amma abin da kowa ya fi saninsa da shi randa ce. Tana girke a dama da ƙofa, da moɗa, da sabulun salo a cikin ɓawon kwakwa. Babba ko yaro, akawu ko ɗan dako, ba mai taɓa takarda sai ya wanke hannu. Shi ke zuba ruwan da kansa. "Littafi baƙo ne," in ji shi, "ba a tarbar baƙo da hannu mai dauɗa."

Randar ta Iya ce, kuma a kanta suka yi rigimar da ba ta ƙare ba har ya mutu. Da ita ta zo daga Zazzau, ta ce a cinyarta ta rungumo ta cikin jirgin ƙasa, kuma duk Kawo ba randar da ta kai ta sanyaya ruwa. Wata rana Iya ta je suna, ta dawo ta tarar da gurbinta kawai.

"Malam, ina randata?"

"Aro na yi."

"Aro? Wa ka tambaya?"

"Na tambayi randar, ba ta ƙi ba."

"Randar da nake shan ruwa a ciki, ita ka kai wa 'yan tasha suna dauraye hannu? Gwamnatin da ta saya muku rediyo ta rasa kuɗin tukunya?"

"Iya, ruwanki ne ke da albarka."

"Albarka ta ci gidansu. Ka dawo mini da abata."

Bai dawo da ita ba. Ya sayo mata sabuwa a Babbar Kasuwa, ta ce ruwanta warin ƙasa yake yi. Tun daga ranar ta rantse ƙafarta ba za ta taka ɗakin ba, kuma ba ta taka ba. In ya ce ta zo Laraba ko don hira, sai ta ce, "Ni da na aurar da 'ya'ya, in zauna a benci 'yar cikina tana nuna mini baƙi da tsinke? Ka riƙe bokonka." Duk safiya in zai fita takan ce, "A gaida randata." Shi kuma ya ce, "Za ta ji." Ban taɓa jin sun fasa wannan ba. Amma na lura duk ranar Laraba tuwonsa na rana ita ke kaiwa har bakin hanya ta ba ni in ƙarasa, don ta san ba ya tashi daga kujerar.

Randar ce kuma ta haɗa shi da Kawu. Kawu ya ji labarin akwai littafi mai zanen cikin inji, ya taho daga gareji da gudu, hannu baƙi ƙirin, ya nufi kabad. Baba Tsoho ya tare shi da moɗa.

"Sai an wanke."

"Baba, mota na bari a buɗe. Duba ɗaya zan yi."

"Ko rabin duba ne."

"Wannan baƙin ko an wanke ba ya fita! Ni za ka tsayar a gaban mutane kamar wani almuru? Ashe ɗakin na masu farar riga ne. Ku riƙe kayanku!"

Ya fita yana huci. Ina lunguna ina kallo. Baba Tsoho ya rataye moɗa. Washegari da safe ya naɗe littafin a cikin tsohon rawaninsa, ya ce in raka shi tunda ba makaranta. Muka je gareji. Ya zauna a kan taya, ya buɗe shafin, ya ɗaga shi daidai fuskar Kawu da ke kwance ƙarƙashin mota.

"Hannunka na aiki ne, nawa na takarda. Duba, in ka gama ka ce in juya."

Kawu ya ƙura wa zanen ido. Can ya ce, "Juya, Baba." Haka suka yi har rana ta take. Da motar ta tashi, Kawu ya ce, "Wallahi tsohon nan kai masifa ne." Bayan kwana kaɗan aka ga gwangwanin kananzir da yashi a gefen randa, na masu baƙin hannu, Kawu ne ya kawo. Kuma da Baba Tsoho ya zo neman izinin Laraba, Kawu bai bari ya gama magana ba. "In kai ne a ƙofar, ta je."

Matar Kawu ta fi kowa naci a ajin. Na san dalili, don na ji ta faɗa wa Malama. Ɗanta ya taɓa yin ciwo, aka ba ta kwalabe biyu a asibiti, ɗaya ta sha, ɗaya ta shafawa. Da ta zo gida ta rasa wacce ce wacce. Maza duk sun fita, yaro yana ta kuka, ta tsaya da kwalba a kowane hannu har la'asar. Ta ce, "Ba zan ƙara tsayuwar nan ba." Lokacin da Baba Tsoho ya rasu ta san baƙaƙe duka, ta fara haɗa su bibbiyu, tana bi da yatsa tana cije leɓe. Rabin kogi ta kai.

Wannan ce Larabar da ta tambaya a gidan makoki.

Ofis suka turo sabon malami, saurayi mai ladabi, ko aure bai yi ba. Ba wanda ya ga laifinsa, amma ba shi da furfura. Kawu, wanda ya yi kuka a bayan zaure, shi ya fara cewa, "Wanda nake bari dominsa ya tafi. Ta zauna." Sauran maza suka bi. Larabar farko da sabon malamin ya buɗe, Malama ce kawai da bencuna. Ya zo ya gaida Babana, ya ce cikin jin nauyi, in aka ci gaba haka dole ya faɗa wa ofis, kuma za su ba ajin maza ranar. Matar Kawu ta zo gidanmu da ido ja. Ta faɗa wa Inna cewa ta fara mance wasu baƙaƙen, tana rubuta su da gawayi a bayan ƙofa don kada su gudu.

Iya tana cikin takaba. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, zane ɗaya mara ado, kuma ba fita sai wata huɗu da kwana goma sun cika. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, kamar ba ta jin komai. Sai ranar nan ta kira Babana.

"A je a ɗauko mini randata."

Babana ya ce, "Iya, ki bari ƙasa ta bushe mana. Mutane za su ce me?"

"Su ce aro ya ƙare."

Na ji haushinta ranar, ban ɓoye wa kaina ba. Mata suka yi ta ƙus-ƙus, wai ko mutuwa ba ta sa ta yafe tukunya ba. Kawu ne ya ɗauko ta a kafaɗa, fuska a murtuke, ya dire a tsakar gida. Iya ta shafa cikinta, ta ƙwanƙwasa ta ji ko ta tsage. Akwai wani wuri a bakinta da ya yi santsi, inda moɗa ke gogawa. Ta daɗe da yatsa a wurin. Sannan ta ce a girke ta a dama da ƙofar ɗakinta, a cika ta.

Kawu ya juya zai tafi, ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Matarka fa, ka hana ta zuwa gaishe ni ne?"

"Wane ni, Iya? Ai ko jiya ta zo."

"To, ni yanzu jikina ba ya son gaisuwa barkatai. Rana ɗaya nake so. Laraba, daga hantsi zuwa azahar. Ka faɗa wa abokanka, duk mai mata ya turo ta ta yi mini ta'aziyya."

Kawu ya tsaya yana kallonta, ya kalli randa. Ya sosa ƙeya.

"Iya, wannan ta'aziyyar, da allo ake yin ta?"

"Da allo. Ka taɓa jin inda aka hana?"

"Ban taɓa ji ba."

"To, ka gaida gida."

Ya fita yana girgiza kai, na ji shi a zaure yana cewa Babana, "Ashe su biyun duk masifa ne."

A unguwarmu ba namijin da zai hana matarsa zuwa gaida mai takaba, balle matar Baba Tsoho, ya kuma iya haɗa ido da mutane a masallaci. Kowa ya san abin da ake yi, ba a ɓoye ba. Sabon malamin yakan kawo akwatin littattafai da alluna har zaure, ya yi sallama ya koma. Malama ta jingina baƙin allo a jikin rumbu. Mata su shigo, su durƙusa, "Iya, ya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Da godiya. Wanke hannu." Ni nake zuba ruwan in ba makaranta, in akwai kuma Inna. Ma'aikaciyar asibiti ma ta biyo su, ta rataye sikelinta a reshen gwandarmu.

Iya ba ta koyi ko baƙi ɗaya ba, kada in yi mata ƙarya. Bayanta take juya wa allon, kamar yadda shi yake juya wa ƙofa. Malama ta taɓa cewa, "Mama, ko sunanki ne in nuna miki?" Ta ce, "Na san sunana. Ni gadi nake yi." Amma in wata ta cika surutu, ba ta ko waiwayowa take cewa, "Wadda ta zo hira, ga hanya."

A tsakar gidanmu matar Kawu ta haye kogin. Ranar da ta karanta layi guda daga farko har ƙarshe ba tare da Malama ta taimaka ba, ta ajiye littafin ta rufe fuska da mayafi. Wata ta yi guɗa, aka tuna gidan takaba ne aka toshe mata baki.

Sai dai kwanaki suna tafiya. Sanyi ya shigo, ya fara fita. Kowa ya san ranar da Iya ta fita takaba gaisuwa ta ƙare, kuma ba wanda ya san abin da zai biyo baya. Ofis sun ce sun ɗaga ƙafa zuwa lokacin, in mata ba su koma ɗakin ba shi ke nan. Wata Laraba matar Kawu tana goge allonta ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, Allah ya sa takabar nan ta daɗe." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta dafe baki.

Iya ta waiwayo. "Ke, 'yar nan! Ni za ki binne a ɗaka don ki iya karanta kwalba?"

Aka fashe da dariya, har Iya. Wannan ce dariyarta ta farko tun ranar Litinin ɗin nan. Amma ba ta ce ga abin da za ta yi ba, mu kuma ba wanda ya iya tambaya.

Ranar fitar takaba ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta sa kwalli, ta ɗaura sabon zane. Aka yi sadaka. Bisa al'ada sai ta fara zaga dangi tana godiya, Babana har ya yi maganar motar Zariya. Ta ce Zariya ba gudu za ta yi ba. Ta zauna a gida har Laraba.

Da hantsi mata suka zo kamar kullum, a ɗarare, ba su san ko su fito da alluna ba. Suka tarar Iya ta sa mayafi, an kwashe ruwan randa, ta naɗa gammo.

Inna ta ce, "Iya, bari a kira mai ɗauka."

"Ni na kawo ta daga Zazzau. Kawo ce za ta gagare ni?"

Aka ɗora mata. Ta fita, muka bi ta a baya, Malama da allo a hammata, matar Kawu da goyo. Hanyar ta gaban tasha take bi. Direbobi suka daina hayaniya, wasu suka cire hula. Kawu ya fito daga ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Ya ga matarsa a cikin ayarin, ita ma ta gan shi, ta tsaya cak. Iya ba ta juya ba saboda kayan da ke kanta, ta dai ɗaga murya.

"Ɗan nan, akwai magana ne?"

"Iya, wa zai zauna a ƙofar?"

"Furfurata ba ta ishe ka ba? In cire ɗankwali ka ƙirga?"

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Kawu ya dubi ƙasa, ya dubi matarsa, ya ce, "To me kika tsaya yi? Ki bi ta mana, kada ta faɗi da tukunyar mutane."

Gurbin randar yana nan a dama da ƙofa, da'ira a ƙasa. Aka sauke ta ta zauna daram. Sabon malamin ya ɗebo ruwa ya cika, ya fito da kujerar Baba Tsoho gindin mangwaro, ya miƙa wa Iya mabuɗi da hannu biyu, ya hau kekensa ya tafi. Iya ta leƙa ɗakin daga bakin ƙofa. Ta ga kabad, da rediyo a lulluɓe, da littafin da ke kan teburi har yanzu da tsinken tsintsiya a cikinsa. Ba ta shiga ba, rantsuwarta tana nan. Ta ɗauki moɗa.

Matar Kawu ce ta fara miƙa hannu. Iya tana zuba mata ruwa, ta ce, "Iya, ke nan kin bar mana randar?"

"Wa ya ce? Aro ne."

Ta rataye moɗa, ta zauna a kujerar, ta juya wa ƙofa baya.

Yau Laraba ta nawa ke nan ban ƙirga ba, tana nan. Tana korar zakaru, ta fi shi zafi. Ni kuma ina lunguna, a kan buhun da ya sa mini, a nan na rubuta wannan.

Ya Allah, bawanka ne, ya tsare ƙofar da aka ba shi amana, ka buɗe masa taka. Ka sanyaya makwancinsa fiye da ruwan da ya zuba wa mutane. Ka gafarta masa gishirin da ya ƙara wa jarida, da randar da ya ɗauka bai tambaya ba. Mai ita dai ta yafe. Na sani, don da safen nan da za ta fita na ji ta tsaya a ƙofar ɗakinsa da ke rufe, ta ce a hankali, "Na tafi. Za ta ji."